Ƙwayar da Agogo ba ta taɓa tsallakewa ba

Da asuba, tun ba a kunna injinan wanki ba, Agogo ta jefa ƙwayarta a baki. Maƙogwaron kamar an zuba garwashi, amma ta kora da ruwa, ta ɗauki dutsen guga.

Shekara goma sha tara tana gugar zannuwan gado a otal ɗin nan, ba ta taɓa makara ba, shi ya sa sunan ya bi ta. Da ciwon maƙoƙo ya kama ta, ta rame, hannu ya dinga rawa har ta ƙona rigar wani baƙo. Likita ya rubuta magani, ya yi dogon bayani. Ita dogon bayani ba ya shiga kanta. Abu ɗaya ta riƙe: kullum, ba fashi. Rawar hannu ta tsaya, ta ba ƙwayar gaskiya.

A sati na shida da fara shan maganin zazzaɓi ya sauko, baki ya cika da gyambo.

Mai wankin da suke aiki tare ta ce, "Yaya, idonki kamar na kifin jiya. Ki tafi gida mana."

"In tafi wa zai yi wannan tulin? Ke da gugarki kamar an kwana a kai?"

Kwana uku tana fama. Da jikin ya ƙi, ta ce ƙila maganin ne ya yi kaɗan, ta ƙara rabi.

Rana ta huɗu ta zube tsakanin kwanduna. A asibiti aka auna jini, aka ce fararen ƙwayoyin jini da ke tare cuta sun kusa ƙarewa, kuma maganin ne ya cinye su.

Nas ta ce, "Mama, ba a ce miki in maƙogwaro ya yi ciwo ki daina sha ki zo ba?"

"An faɗi abubuwa da yawa, 'yata."

Aka ware mata ɗaki, mai shiga sai da takunkumi. Ta ce ita Litinin za ta koma aiki. Nas ta ce ba mai ɗaure ta, amma tarin mutum ɗaya a motar haya ya isa ya kai ta kabari.

Ran Litinin mai wankin ta zo dubiya, ta leƙa ta gilashin ƙofa. Agogo tana zaune a bakin gado, har ta sa takalmi. Ta daɗe a haka. Can ta sunkuya da ƙyar, ta cire su, ta tura ƙarƙashin gado, ta miƙa wa nas hannu a ɗaura mata ruwa.