Wankan Baƙon Kaka

Jiya na wanke bargon yara, na sunkuya zan matse shi a baranda, sai warin jiƙaƙƙen ulu ya bugi hancina. Na tsaya da bargon a hannu, ruwa na ɗiga a ƙafata. Warin karenmu ne sak, a tsakar gidanmu na unguwar Waziriyya, lokacin ina 'yar firamare.

Na san za ka yi mamaki. Gidan Hausawa a Jidda, da kare? Mu ma ba nemansa muka yi ba. Babana direban wani Bature injiniya ne. Da aikin mutumin ya ƙare sai ya koma ƙasarsu, ya bar karensa a ƙofar gidan da aka kulle. Baba ya kasa wucewa ya bar shi, ya ɗoro shi a bayan mota ya kawo mana. Ban taɓa ganin irinsa ba. Tsayinsa ya kai ƙirjina, gashi ya rufe masa ido, ya zubo ta ciki yana share ƙasa. Dabbar ƙasar sanyi ce, aka jefo ta cikin zafinmu.

Umma ta leƙo daga kicin ta ce, "Wallahi ba zai taka min inda nake shimfiɗa sallaya ba." Aka ɗaure shi a ƙarƙashin matakalar hawa soro, kusa da tankin ruwa.

In ka taɓa yin bazara a Jidda ka san yadda take. Iska na tasowa daga teku da ɗumi da gishiri, ka yi wanka ka fito jikinka na danƙo. Mu da muke da fanka ma da ƙyar muke. Shi kuwa yana cikin wannan gashi, ya zaro harshe yana haki tun safe har yamma. Gashin ya dunƙule ya yi curi-curi, kaska ta shige ciki, ya daina cin abinci. Sai wari ya biyo baya, ya tsallaka katanga. Maƙwabta suka kai ƙara wajen mai gidan da muke haya. Ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, ya toshe hanci da gefen rawaninsa, ya ce wa Baba, "Halas, magana ta ƙare. Ko kare ya fita, ko ku fita tare."

Samun gidan haya ga irinmu ba wasa ba ne, kuma Baba a lokacin yana neman sabon kafili, wato ɗan ƙasa da zai tsaya masa a takardun zama. Ya ce ranar Juma'a bayan masallaci zai kai shi bayan gari ya sake shi. Ko ni da nake yarinya na san abin da ke bayan gari: duwatsu ne da rana, babu ko ɗigon ruwa.

Kakata, mahaifiyar Baba, ba ta cika sa baki a harkar gidan ɗanta ba. Tun tana budurwa ta zo aikin hajji ta zauna. Mahaifinta mafarauci ne a can gida, cikin karnuka ta tashi. Ta ajiye carbinta ta ce, "Kai, zo nan. Ka ɗauko shi daga ƙofar wani don kada ya mutu, yanzu kuma da hannunka za ka kai shi ya mutu? Dauɗa ce da zafi ke damunsa. Ku ba ni shi."

Umma ta ce tanki ya yi ƙasa, motar ruwa kuma ba ta da rana. Gaskiya ta faɗa. Kaka ta ce, "Ruwan wankana zan ba shi, 'yar nan. Ni tsohuwa ce, alwala ta ishe ni."

Da sassafe, kafin rana ta hau katanga, ta ɗaure zani a ƙirji ta fito da babban baho, da sabulun wanki, da almakashinta na ɗinki, da tsohon matajin katako. Baba ya riƙe igiyar wuyan karen, ni kuma aka ba ni moɗa. Ba ta fara da ruwa ba. Sai da ta zauna a kujera 'yar tsugunno ta bi curin gashin nan ɗaya bayan ɗaya tana yankewa, tana zare kaska tana jefawa a gwangwanin kananzir. Ƙarƙashin gashin fatar ta yi ja, wani wajen ta fashe. Da almakashi ya taɓa ciwo sai ya yi gurnani, ya bayyana haƙora. Baba ya ja baya. Ita ko gezau. Ta ɗora tafin hannunta a wuyansa ta ce, "Sannu, baƙo. Ni ma da na zo ƙasar nan zafinta ya kusa kashe ni."

Sannan ta ce, "Zuba, ƙawata, a hankali, kada ki sa masa a kunne." Ina zubawa tana cuɗawa. Irin wannan gashi ba ya jiƙa da wuri, ruwa gangarewa yake ta sama, sai ta cusa yatsu har fata. Kumfa ta fito baƙa, ta koma ruwan ƙasa, can ta yi fari. Jikinsa da ke rawa ya lafa. Ya kwantar da haɓarsa a gwiwarta ya lumshe ido, tana yi masa wata waƙa ƙasa-ƙasa wadda ban taɓa jin ta yi ba.

Muna gama ɗauraya ya miƙe ya girgiza. Ruwa ya watsu ko'ina, a kan Baba, a kaina, a kan shanyar Umma da ta kusa bushewa. Umma ta saki salati, Kaka kuwa dariya take har da hawaye, kumfa a girarta. Ta tsane shi da tsohon zani, ta shafa masa man kaɗanya a ciwukan, ta taje abin da ya rage na gashin. Daga nan ta wanke hannunta da ƙasa da ruwa a gaban kowa, don hankalin mutanen gida ya kwanta.

Da yamma ya cinye shinkafar da aka zuba masa. Mai gida ya dawo ya shaƙi iska, ya dubi karen da ya koma rabinsa, ya ce, "Tayyib, ba laifi," ya tafi. Juma'a ta zo ta wuce, Baba bai tada mota ba. Shekaru karen ya yi tare da mu, wankan ya zama na duk ranar da motar ruwa ta zo. Tsufa ne ya ɗauke shi, Kaka ta bi bayansa ba da daɗewa ba.

Yau babu wannan gida, an rushe layin gaba ɗaya. Muna zaune a hawa na uku a unguwar Safa, ruwa na zuwa a famfo ba dare ba rana, amma babu tsakar gidan da za a watsa shi. 'Ya'yana in na ba su labarin da Hausa, da Larabci suke tambayata. Umma ta tsufa, ƙafa ta ƙi, ni nake yi mata wanka a kan kujerar roba. Kwanan baya ina zuba mata ruwa a baya, sai ta ce, "Kin tuna karen nan na kakarki?"

Na ce na tuna.

Ta ce, "In kun tafi makaranta, ni nake sa masa ƙanƙara a kwanon ruwansa." Ta goge fuska da bayan hannu. "Kakarki ta sani. Har ta rasu ba ta taɓa tona ni ba."