Mai Fiyano da Ƙanin Matarsa

Tun yana saurayi ake ce masa Mai Fiyano, har laƙabin ya danne sunan yanka. Sana'arsa gyaran fanka da dutsen guga a wani ɗan shago a bakin titi, amma ranakun hutu kiɗa yake yi. In makaranta za ta yaye ɗalibai, ko an shirya walima a zauren taro, shi ake nema. Sai ya naɗe fiyanonsa a tsohon bargo, ya ɗaure a bayan babur, ya kama hanya. Fiyanon ƙarami ne mai aiki da batir, maɓallai biyu na can ƙarshe sun daina magana, amma ya san yadda yake tsallake su ba wanda zai gane.

Ƙanin matarsa, wanda kowa ke kira Auta, a hannunsa ya koyi kiɗa. Auta ya girma, ya samu aikin tuƙi a wani kamfani. Rannan sai ga shi ya shigo gidan da wani dogon kwali a kafaɗa.

"Yaya, zo ka sa albarka," in ji shi.

Fiyano ne sabo fil, mai allo kamar na waya. Auta ya taɓa nan ganga ta tashi, ya taɓa can sarewa ta amsa. In ka danna a hankali ya yi magana a hankali, in ka buga da ƙarfi ya ɗaga murya, kuma yana naɗar abin da aka kaɗa ya maimaita. Matar Mai Fiyano ta bar tukunya a wuta ta zo tana tafi.

"Allah ya sanya alheri," in ji Mai Fiyano, ya shige ɗaki wai kansa na ciwo.

Ba a daɗe ba masu taro suka fara tsayawa a shagonsa, su gaishe shi da kyau, sannan su nemi lambar Auta. Yana ba su, yana murmushin da bai wuce leɓe ba.

Wata rana ya rufe shago ya tafi wurin mai sayar da kayan kiɗa, wai kallo kawai zai yi. Mai shagon ya nuna masa jeri uku.

"Waɗannan ƙananan su aka fi saye, iyaye ke ɗaukar wa 'yan koyo. Na tsakiya masu kiɗan taro ke so, ba nauyi, ga murya. Wancan babban kuwa shi kaɗai ya ishi ƙungiya guda."

Mai Fiyano ya kwatanta masa nasa, ya ce, "Shi fa, a wane jeri yake?"

"Ai na 'yan koyo ne, maigida. An ma daina yin irinsa."

Daga ranar ya haddace aibin babban fiyano irin na Auta. Duk wanda ya kawo fanka sai ya ji cewa yana da nauyi kamar buhun siminti, in wuta ta ɗauke ya zama katako, kuma inji ne ke kiɗan ba mutum ba. Har matarsa ta gaji.

"Baban yara, abin da ba ka so, me ya sa ba ya barin bakinka?"

Ana nan ƙofar mota ta datse wa Auta yatsu, ga shi ya riga ya karɓi aikin yaye ɗalibai. Ya zo da hannu a ɗaure, ya ce, "Yaya, ka rufa min asiri. Ga fiyanon, ka je a madadina."

Mai Fiyano ya ɗan ja aji, sannan ya karɓa. Ya yi kwanaki bai buɗe shago ba, yana ɗaki yana lalube. Abin ya ba shi haushi, domin bai samu aibi ko ɗaya ba. Yatsunsa sun samu fili, waƙoƙin da ya daɗe yana ji a kai suka fito yadda yake so.

Ranar taron ya yi kiɗan da bai taɓa yi ba, har iyaye suka miƙe tsaye. Da aka tashi, shugabar makarantar ta zo ta shafa gefen fiyanon.

"Kai, kayan Auta akwai murya! Ko wa ya taɓa shi sai ya yi daɗi."

Ya ce mata haka ne. Ko gida bai biya ba, ya wuce ya sauke wa Auta kayansa. Auta ya ce ai ya riƙa ɗauka duk lokacin da yake so, shi kuwa ya ce a'a, ya gode.

Da shekara ta zagayo ya sayi fiyano na jerin tsakiya. Aiki ya dawo masa daidai gwargwado, shi da Auta kuma ba su taɓa yin cacar baki ba. In an yabi Auta a gabansa yakan ce, "Yaron yana ƙoƙari." Amma har yau in matarsa ta dawo daga gidan ƙanin nata, kafin ta cire mayafi zai tambaye ta ko ta ga sabon kwali a falo.