Tsuntsun da Na Sa wa Hula

Shekarun baya, wata Talata bayan azahar, ina cikin barci na ji tsuntsu yana kuka. A mafarkin ina tafe ne a gonar mahaifina ta hanyar Tsauni, gero ya fi ni tsawo, ƙasa a jiƙe, ƙafata tana nutsewa cikin sanyi. Can nesa tsuntsun nan yana ta tsala ihu, ko numfashi ba ya tsayawa ya ja. Na ce a raina, wane irin tsuntsu ne wannan da ba ya gajiya? Sai na ji ɗaci a maƙogwarona. Nan na san ba lafiya ba, amma idona ya ƙi buɗuwa.

Bari in koma baya kaɗan don ku gane.

Shekarar ce da damina ta gaza, sojoji kuma suka karɓi mulki a Yamai. Ni ina gidanmu a Matamaye ina wankan jego, haihuwar fari, ƴa mace. Maigidana yana cin rani a Kano, yana gadi a wani babban kanti. Da ya zo suna, bayan an watse, sai ya ciro wani farin abu daga jakarsa, zagayayye kamar marfin kwano. Ya ce a kantinsu kowane ɗaki akwai irinsa, da ya ji hayaƙi sai ya yi ihu. Ya taka turmi, ya kafa shi a jikin azarar ɗakin da nake, ya danna wani ɗan maɓalli a tsakiya.

Jama'a, kaji sai da suka tsallake danga. Mahaifiyata ta saki ludayi cikin kunu tana salati. Kakata kuwa, uwar mahaifina, wadda shekara da shekaru sai an kai baki kunnenta an yi ihu take ji, ta ɗago kai daga tabarma ta ce, "Wa ke kirana?"

Muka yi dariya har da hawaye. Daga ranar aka sa masa suna tsuntsun Kaka.

Kafin maigidana ya koma ya bar mini wasiyya: duk Juma'a in danna maɓallin in ji ko yana da rai, in ya fara ɗan kuka guntu-guntu in canza masa pil, wato batir, kuma kada in yarda wani abu ya rufe shi. Na ce, "Haba, ni da na yi karatun lakwal har kwalej za a koya wa wannan?"

To, ku da kuka san ɗakin mai jego kun san ba ya rabuwa da hayaƙi. Da safe turaren wuta, da yamma turaren wuta, ga kaskon garwashi don kada sanyi ya shiga jiki. Da mahaifiyata ta barbaɗa turare, sai tsuntsu ya ɗauka. Jaririya ta farka ta taya shi. Ni in taya su duka biyun.

Ran nan mahaifiyata ta ce, "Wannan mijin naki ya kawo mana baƙo mai tsegumi. Mu da muka haifi tara cikin hayaƙi, wa ya ƙone?"

Na yi kwana biyar ina haƙuri. Rana ta shida na taka turmin nan da kaina, na ɗauki wata koriyar hular ulu da ƙawata ta saƙa wa jaririyar, na cusa wa tsuntsu a ka. Ta zauna daram kamar don shi aka saƙa. Aka yi turare, shiru. Na sauko ina jin kaina kamar na ƙirƙiro jirgin sama. Ƴar kwalej ke nan.

Akwai kuma maganar harawa. A shekarar nan abincin dabba ya yi wuyar da har a kan rufin ɗaki ana sace shi. Mahaifina ya kwaso ƴan dammunan da suka rage ya jibge su bayan ƙofar ɗakina, ya ce ɗakin mai jego ne kaɗai ba ya zama babu kowa. Akuyarmu guda, wadda ƙasusuwanta suka fito har ana ƙirgawa, kullum tana bakin ƙofar tana shinshinawa.

Ranar Talatar aka yi shela cewa an kawo hatsin agaji, sojoji za su tsaya a raba. Mahaifina da mahaifiyata suka tafi bin layi tun hantsi. Na yi wankana, na zuba garwashi a kasko ban sa turare ba, na saki asabari, na kwanta da ƴata a gefe. Kaka tana can bayan gida ƙarƙashin darbejiya tana gyangyaɗi. Daga baya mun yi ittifaƙi cewa akuyar ce ta turo asabari don harawa ta ture kaskon. Allah ne masani, don ita ba ta amsa laifinta ba.

Sai mafarkin gona, sai kukan tsuntsu.

Abin da har yau yake sa jikina sanyi shi ne ban so in farka ba. Barcin yana da daɗi, yana jana ƙasa a hankali kamar ruwan tafki. Da na buɗe ido da ƙyar, ɗakin ya zama fari fat, kamar ina kwance cikin gajimare. Ban ji tsoro ba tukuna. Na tsaya ina kallon yadda hasken rana ya ratso ta wata ƴar kafa yana juyawa a hankali, ina cewa kai, abin nan da kyau yake. Sai na ga ja yana lasar bango ta wajen ƙofa.

Na lalubo ƴata na rungume. Na miƙe, ƙafafuna suka ce ba su san ni ba. Na durƙusa. Ɗakin da na girma a cikinsa, na rasa ina gabas ina yamma. Na buɗe baki in yi ihu, tari ya tare.

Sai na ji sanda tana dukan asabari, na ji muryar Kaka.

"Ke ƴar lakwal! Yi rarrafe! Biyo sandata!"

Ta fizge asabarin da ya kama wuta ta jefar tsakar gida, ta miƙo sandar ta ƙasa. Na kama bakinta da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da jaririya, na ja gwiwa na wuce gefen harawar tana ci. Tsohuwar da sai an kama ta take tashi, ita ta jawo mu waje.

Maƙwabta suka shigo ta kan danga. Ruwa a lokacin ba abin watsawa ba ne, sai yashi suka yi ta kwasa da ƙorai da faranti. Wata maƙwabciyarmu ta kinkimi sauran ruwan wankana ta sheƙa a ƙofar. Duk wannan ina ganinsa ne kamar ta bayan labule. Abu ɗaya na sani: ƴata ba ta yi kuka ba. Idonta a rufe, jikinta laƙwas.

Ban san wanda ya ɗora mu a amalanke ba, ni da Kaka. Na dai tuna sararin sama, babu gajimare ko ɗaya, yana tafiya tare da mu har likita, wato asibiti. Malamar likita ta karɓi jaririyar ta shige, ta ce in zauna a benci in yi ta jan numfashi. Na zauna. Ina jin kukan tsuntsun nan a kunnena alhali mun baro shi nesa.

Har yau ban rabu da shi ba. In na ji ƙaurin tuwo daga gidan maƙwabta, sai in miƙe in zagaya ɗakuna ina dubawa. Yanzu akwai tsuntsaye biyu a gidana, duk Juma'a kafin a tafi masallaci ina danna su. Turarena a tsakar gida nake yi, in ya lafa in shiga da zanen da na turara. Masu zuwa suna yi mini dariya, ni ma ina taya su, don na san wadda ta fi kowa wauta a wannan labari.

Amma a kan bencin nan, tambaya ɗaya ce take ta kai da komo a kaina: yaya aka yi ya yi kuka, bayan ni da hannuna na toshe masa baki?

Ana kiran la'asar malamar ta fito. Kafin in gan ta na ji kukan, siriri, mai fushi. Ta ɗora mini ƴata a cinya ta ce, "Ba ta nono, Madam. Ta sha hayaƙi kaɗan ne, ƙirjinta lafiya lau. Ke ma kin tsira. Da kun ƙara jimawa a ciki, da ba wannan maganar muke yi ba."

Na sunkuya in sumbaci kanta, sai na ga koriyar hular. Tun safe take kanta, ban lura ba.

Na juya na kai baki kunnen Kaka na ɗaga murya. "Kaka, wa ya ciro hular nan?"

Ta harare ni. "Ni ce, da sandata, kina wanka. Hula ta mai kai ce." Ta gyara zama, ta duba tafin hannunta da ya ɗuri ruwa, ta ce, "Duk gidan nan shi kaɗai ne in ya yi magana nake ji. Shi ne za ki rufe masa baki?"