Sai Alamar Ta Koma Kore

Matso ka zauna, ga wata mata nan a tashar Kafanchan. Zaninta na ƙamshin citta, kwamfuta na kan cinyarta. Saba take girkawa a ciki, wato manhajar da ke tayar da shafin yanar gizo, don ta riƙa gwada shafinta da ta rubuta da yaren kwamfuta na PHP ba intanet. Ina jin ƙauyensu babu netwok, dole abin ya tashi a nan. Amma alamar sabar ta kafe a ja.

"Madam, mota ya cika fa, shi ne na ƙarshe!" in ji direban Kauru.

"Oga, ka je. Sai ya zama kore."

Tana goge komai, tana sake saukewa. Motar na fita, ko kai ba ta ɗaga ba. Kai, wa kake jin ya taɓa ce mata ba za ta iya ba?