Kwaɗon Banki a Ƙofar Sito

Uwar Kaji ake ce mata a gona, har mijinta ma haka yake kiranta in yana jin tsokana. Tun tana goyon ɗanta na fari take aiki a kamfanin kiwon kaji, ga shi yanzu ɗan har ya fara gemu. Ɗakin masu ƙwai ne a hannunta. Ita ke zuba abinci, ta wanke mazubin ruwa, ta kwashe ƙwai tana yi wa kajin faɗa kamar jikokinta.

Shekarar da abinci ya yi wuya, kamfanin ya yi odar abincin kaji daga ƙasar waje. Mai kayan ya ce ba zai yi lodi ba sai banki ya tsaya. Banki ya ba da takardar lamuni cewa shi zai biya, amma da sharaɗi: kayan jingina ne har sai kamfani ya sauke nauyin. Kaya suka iso, aka jibge su a siton gonar. Banki ya danna kwaɗonsa, ya ajiye ma'aikacinsa a bakin ƙofa.

Kamfani ya kasa biya. Abincin da ke wajen siton ya ƙare ƙarƙaf.

Uwar Kaji ta sami ma'aikacin bankin a kan kujerarsa. "Ɗan'uwa, dubi girman Allah. Ko 'yan buhuna ne."

"Wallahi Inna, makullin ne kawai a aljihuna. In na buɗe, gidan yari zan tafi."

"To in suka mutu, da me za a biya ku? Ba da ƙwansu ba ne?"

"Na faɗa musu. Sun ce ana zama a kai."

Ta nufi ofishin manaja, ta tarar da shi da waya biyu a kunne, idanu jajur. Ya ce, "Uwar Kaji, ni ma gidana yana cikin jinginar nan."

Sai ta shiga bin masu injin niƙa, ita da mijinta a motarsa ta ɗaukar kaya, tana roƙon dusa, tana share ta ƙasa da tafin hannu. Abin da suka tara bai kai ko'ina ba. Kaji suka fara shan ƙwansu, daga nan suka koma tsattsagar juna. Kullum sai ta cika baro da matattu ta tura ta gaban sito. Ma'aikacin bankin ya juya kujerarsa ta fuskanci bango.

Ran nan ta ɗauko ƙarfen cire taya ta nufi kwaɗon. Mijin ya sha gabanta ya riƙe ƙarfen. "Haba, baiwar Allah! In aka ɗaure ki, ni ma dusar zan riƙa ci?" Ta saki, ta zauna daɓas a ƙasa tana kuka.

Da banki ya yarda a fitar da wani kaso, fiye da rabin kajin sun mutu, sauran sun daina ƙwai. Aka kira dillalai suka saye su a wulaƙance. Ita ta riƙa kamo su tana miƙawa, kowacce ba ta fi nauyin tsumma ba.

An rufe gonar kafin damina. Yanzu tana wanke kwanuka a wani gidan abinci, albashinta na ƙarshe na gonar kuma har yau ana cewa ta dawo wani watan.