Sauran Tuwon Inna

Akwai wata 'yar ƙara da murfin langa ke yi idan aka ɗora shi a hankali. Na ji ta watannin baya a kasuwar Chow Kit da ke Kuala Lumpur, wata mai sayar da kwanuka tana jera kayanta, sai na tsaya cak da ledar kifi a hannu. Ƙarar nan ƙofar ɗakin Kaka ta mayar da ni.

Kaka, mahaifiyar Baba, ciwon rawar jiki ne ya kama ta tun ina 'yar shekara bakwai. Mu dai tsufa muke kiransa. Hannu na rawa, kai na rawa, daga baya har sunayenmu suka riƙa kuɓuce mata. Inna, mahaifiyata, ita ke kai mata abinci. Za ta ajiye langar tuwo a rufe, ta ajiye ruwan wanke hannu, ta ce, "Ga shi nan," sai ta koma bakin ƙofa ta ba ta baya. Da damina zogale take tsinka a wurin, ruwa na ɗiga daga bakin rufi yana fallatso mata a ƙafa. Lokacin girbi kuwa gyaɗa take ɓarewa. Hannunta na kan aiki amma kunnenta na cikin ɗaki, ko tari ɗaya Kaka ta yi za ka ga ta miƙe.

Na taɓa tambayarta me ya sa ba za ta ba Kaka a baki ba, tun da rabin miyar a zane take ƙarewa. Ta harare ni.

"Ke, surukata ce. Idan na zuba mata ido ko loma ɗaya ba za ta kai ba."

"Ke" ɗin nan shi ne sunana a bakin Inna. Ni ce 'yar fari, don haka ba ta taɓa kama sunana ba, sai "ke" ko "yarinyar nan". Ina ƙarama abin na min ciwo, ba zan ɓoye muku ba. A wurin Kaka nake hucewa, domin ba ta taɓa cinye tuwonta ba. Sai ta rage mana ɗan gefe, ta mayar da murfi da hannun nan mai rawa, kwas, mu kuma da ke laɓe mu ruga a guje.

Shekara bakwai ke nan muna Kuala Lumpur a ƙasar Malesiya, maigida yana koyarwa, ni ina karatu a wajen titin Jalan Semarak. Inna ta zo taya ni jego, sati uku da zuwanta ta faɗi a banɗaki. Shanyewar ɓarin jiki ce, ta taɓa hagu, ta taɓa magana, ta taɓa tunani. Likita ya ce maganar jirgi ba yanzu ba. Muna hawa na goma sha huɗu, ga jariri, ga Inna da ke buƙatar a juya ta, a motsa mata gaɓoɓi, a ba ta magani kan lokaci. Ranar da ta zame daga hannuna wajen wanka, muka kai ta gidan kula da tsofaffi a unguwar Cheras. Na yi sati biyu ban faɗa wa 'yan gida ba, kunya ta hana ni.

Gaskiya mutanen gidan sun iya aikinsu. Akwai mai koya mata tsayuwa, akwai mai koya mata haɗiya, ga wata ma'aikaciya 'yar ƙasar, gajera mai fara'a, wadda ke ɗaura mata ɗankwali kowace safiya. Amma Inna ta ƙi cin abinci. Wurin cin abincin dogon tebur ne, tsofaffi maza da mata a jere, ma'aikaciyar ta zauna a gabanta da cokali tana cewa, "Makan lah, mak," wato ci mana, uwa. Inna sai ta datse baki ta sunkuyar da kai. Ta rame har awarwaronta na zamewa. Likita ya ce idan aka kai Juma'a a haka, za a zura mata robar abinci ta hanci.

Kun san abin da muka yi? Muka ce ai abincinsu ne ba ta so. Na tuƙa tuwon shinkafa mai laushi, maigida ya baro aiki kullum da rana, bawan Allah, ya durƙusa a gabanta yana lallashi: "Inna, ko loma ɗaya, don Allah." Kwana uku yana wannan kirki, ita kuma tana jan mayafi tana rufe fuska. Ni da na tashi a gidan nan, ina tsaye a gefe ina taya shi. Shekarun da muka yi muna cin abinci a shagon mamak, wato gidajen abincin bakin titi na ƙasar, kowa na kallon bakin kowa, sun mantar da ni.

Ma'aikaciyar ce ta tambaye ni ranar Laraba: "A gida yaya take ci? Ba me take ci ba, yaya?" Na ce zan yi tunani. Washegari da safe ne na je Chow Kit sayen kifi, murfin nan ya yi ƙara. Na sayi langar, ban ma taya ba.

Da na yi wa ma'aikaciyar bayani ba ta yi dariya ba. Ta ce ba a barin mai irin ciwon nan ya ci shi kaɗai, zai iya shaƙewa. Sai ta je ta ciro madubin banɗaki ta jingina shi a kan taga. Muka bar Inna a ɗakinta, na ce wa maigida ya jira a mota. Na ajiye langa a rufe, na ajiye ruwan wanke hannu, na ce, "Ga shi nan." Muka zauna a bakin ƙofa mu biyu, muka ba ta baya, ma'aikaciyar tana ninke tawul idonta na kan madubi.

Mun daɗe. Sai na ji motsin ruwa, sannan na ji an ɗaga murfi. Ma'aikaciyar ta matse min hannu. Hawaye na zuba a kan tawul ɗin mutane, ban yarda na juya ba.

Ba a sa robar ba. Yanzu a rubuce yake a takardar da ke jikin gadonta: a ɗaki take ci, da hannu, ba namiji, ba a kallonta. Ko wace ce ke kan aiki haka take yi. Na faɗa wa 'yan gida inda take, wasu sun yi gunaguni, na ce Allah ya ba su haƙuri. A gidanmu na dā mata shida ne ke karɓa-karɓa da tsoho ɗaya, a nan kuwa ni kaɗai ce, sai waɗannan bayin Allah da ba su jin ko kalma ɗaya ta Hausa.

Yawancin ranaku Inna ba ta gane ni, gaishe ni take kamar baƙuwa. Jiya da ta gama ci na ji kwas, na juyo. Ta rage ɗan gefe. Ta turo min langar da hannun dama, ta yi ta kokawa da harshenta har maganar ta fito.

"Baiwar Allah, ki kai wa yarinyar nan. Ba ta ci ba."

Na zauna a bakin ƙofa na cinye shi tas.