Ruwan da Ya Ƙi Bin Maganaɗisu

A kujerar ƙarshe ta ɗakin kwamfutocin jami'a akwai wata mata, za ta kai shekara arba'in, ƙafar tabaraunta ɗaure da zare. Kwana uku ke nan kwamfutarta tana lissafa yadda wani baƙin ruwa mai garin ƙarfe zai gudana a bututu idan aka matso masa da maganaɗisu. Gobe za ta tsaya gaban masu jarrabawa ta kare aikinta na digirin dakta.

A hoton da ya fito, ruwan gudun maganaɗisun yake yi. Ta zaro 'yar kwalba mai ɗauke da irin ruwan daga jaka, ta kara mata maganaɗisu. Ruwan gasken ya taso ya manne, ya yi tsini-tsini kamar ƙayar bushiya. Wataƙila alamar ɗebewa ɗaya ce ta zauna inda ba wurinta ba a lissafin, kuma gyara wasu kwana ukun ne.

Mai kula da ɗakin ya leƙo. "Daktar gobe, ruwan naki ya ji magana?"

"Ya ji, Baba."

Murmushinta na wadda ta riga ta gayyato 'ya'yanta su zo taya ta murna ne. Hannunta kuwa yana juya allon kwamfutar a hankali, ya fuskanci bango.